Yadda Za Ka Ci Gadon Tsibirin da Ke Kife

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, ya bar mu a kanta na ɗan lokaci.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ga alkawarina. Idan ka bi matakan da zan jera maka, ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka mallaki tsibiri sukutum a tsakiyar teku, kuma ta hanyar gado, wadda ita ce hanya mafi daraja a garin nan. Ba sharaɗi ba ne ka iya iyo. Ba sharaɗi ba ne ka taɓa ganin ruwan da ya fi na magangarar Matsirga yawa. An gwada hanyar a gabana, nan Kafanchan, a daminar wannan shekara ta casa'in da takwas, kuma ta ci. Wanda ya gwada ta, Alhaji Jamiluddeen dillalin citta, ya yi mini izinin ba da labarin, da sharaɗin kada in rage komai.

Ga bayani domin wanda bai san wasan ba. Maƙwabciyarmu Malama Mildred, tsohuwar shugabar makarantar firamare, tana da ɗa mai suna Leonard da ke karatu a Jamus. Ya taɓa zuwa hutu da wani akwati cike da kwalaye masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Ana jera su su zama tsibiri: nan daji, nan gonar alkama, nan makiyayar tumaki, nan ramin laka, nan dutse. Kowa ya kafa ƙauyukansa, a jefa ƙwayoyin lido biyu, lambar da ta fito ta ba mai ƙauye amfanin ƙasarsa a kati. Da katunan ake musaya, ana gina hanya da gari. Wanda ya riga cika maki ya ci. Ba ya yiwuwa sai da mutum uku ko fiye.

Bana Leonard ya aiko da akwati na biyu, ƙari a kan na farko, shi ne mai teku. A cikinsa akwai kwalaye shuɗɗa, da ƙananan jiragen ruwa na katako, da ɗan fashin teku baƙi ƙirin, da wasu kwalaye da ake ajiyewa a kife. Babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin kifaffen kwali, ko ƙasar noma ce, ko zinariya, ko ruwa zalla, sai lokacin da jirgin wani ya kai bakinsa a cikin wasa, sannan a buɗe. A kan ɗaya daga cikin waɗannan za ka kafa gadonka.

Mataki na ɗaya: Nemi abokin hamayyar da ba ka da kamarsa

Kada ka ɓata ƙarfinka a kan baƙon ido. Tsibirin da aka karɓe daga hannun wanda ba ka sani ba miya ce babu gishiri. Zaɓi mutumin da rasa shi zai yi maka ciwo.

Alhaji ya dace a nan. Nasa shi ne Baba Dogara, tsohon mai ba jirgin ƙasa sigina, dattijo a majami'arsu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Tare suka yi jifan mangwaro a kwatas ɗin reluwe suna yara, kuma Dogara ne ya tsaya har aka loda buhunan cittar Alhaji na farko a tarago. Sai rikicin addini na tamanin da bakwai ya zo. Babu wanda ya taɓa wa ɗan'uwansa ko kaza a cikinsu, ni shaida ne. Amma tun daga lokacin gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa, ta zauna haka shekara da shekaru. Wasan nan ne ya mayar da su tebur ɗaya, kowace Asabar, a barandar Malama Mildred. Ni ne na ukunsu.

Irin wannan zama shi ne jarinka, shi za ka zuba. Masu hikima sun ce wanda bai ɗora abin da yake so a kan faifai ba bai fara ciniki ba. Ban san waɗanne masu hikima ba ne, a kasuwa na ji.

Mataki na biyu: Tsare hannunka daga lido

Mutum mai furfura ba ya son a gan shi yana jifan lido, kuma malamai sun yi magana mai nauyi a kai. Dogara kansa ya taɓa tsawata wa matasan majami'arsu saboda shi. Saboda haka muka yi ƙa'ida: ba a sa ko goro ɗaya, ana kiran salla ana tashi, kuma Malama Mildred ce za ta riƙa jefa wa kowa daga kujerarta.

Ta ce, “Ku bar mini, in da laifi a kaina.”

Na ce mata babu mai ɗaukar nauyin wani ranar hisabi. Ta miƙo mini ƙwayoyin, ta ce, “To Malam, bisimilla.” Na duba sama, na ce hadari na haɗuwa, gara a fara.

Amfanin wannan mataki a gare ka shi ne, duk abin da ya biyo baya, za ka iya rantsewa cewa hannunka bai taɓa komai ba.

Mataki na uku: Ɓoye tumaki kamar yadda ake ɓoye citta

Ana gina jirgi da katin katako ɗaya da na tunkiya ɗaya, wato gangar jiki da filafilai. Wanda ba shi da tunkiya ba shi da teku. Don haka ka yi abin da dillalan citta ke yi in kaka ta yi: saya, cusa a sito, kulle, jira.

Akwai doka cewa idan bakwai ta fito, duk wanda katunansa suka yi yawa sai ya zubar da rabi. Kada wannan ya razana ka. Alhaji ya zubar da rabin garkensa sau da yawa, kowane karo sai ya shafa gemu ya ce, “Ƙwari ne suka shiga sito, Allah ya mayar da alheri,” ya ci gaba da tarawa.

Dogara ya ce, “Alhaji Citta, sayar mini da tunkiya ɗaya mana. Hannunka ya cika kamar kasuwar Kwoi.”

“Albarka.”

“Bulo biyu.”

“Albarka. Farashi bai nuna ba.”

“Bulo biyu da alkama. Tunkiyan nan na kwali ne fa, ba za ka yi layya da shi ba.”

“Baban Reluwe, da ka san darajarta da ba ka taya ta haka ba.”

Ka lura cewa Alhaji bai taɓa ɓoye kati a hannun riga ba, bai taɓa leƙa abin da ba a buɗe ba. Mutum ne mai tsoron ha'inci ƙwarai. Kai ma ka zama haka. Mai ha'inci ana kama shi a huta, amma mai gaskiyar da ya ƙudurta abu ba a san inda za a riƙe shi ba.

Idan Allah ya ba ka abokin hamayya ɗan reluwe, ka gode, domin zai ɓata wa kansa lokaci. Dogara ya shimfiɗa hanya miƙaƙƙiya har bakin ruwa, ya tsaya, ya juye akwatin yana lalube.

“Maman Leonard, babu gada a ciki? Wane irin injiniya ya yi wannan abu?”

Sai da ya haƙura da gada ya shiga sayen jirage, ya jera su ɗoɗar kamar layin dogo. A hankali a hankali aka buɗe kwalayen nan duka, wannan daji, wancan ruwa, har ya rage ɗaya tak a kife a tsakiyar teku. Zinariya kuwa ba ta fito ba tukuna. Jiragen Alhaji ja sun nufo shi daga gabas, na Dogara farare daga yamma, kowa saura masa jirgi ɗaya. Ni ina can gefe ina noman alkama, kamar yadda ya dace da mai shekaruna.

Mataki na huɗu: Raɗa masa suna tun yana kife

Kada ka jira a buɗe. Abin da ba shi da suna na kowa ne. Abin da ke da suna yana da tarihi, abin da ke da tarihi kuwa yana da magada.

Yi shi cikin ruwan sanyi, kamar ba da gangan ba. Alhaji yana ɓare goro ya ce, “In na isa Tudun Madugu zan kafa gari.”

Dogara ya ce, “Ina ne kuma Tudun Madugu?”

“Ga shi nan a gabanka. Sunan kakana ne. Shi ya fara ratsa wannan hanya da jakunan kanwa.”

A nan ake gane abokin hamayya na ƙwarai. Da wani ne da ya yi dariya, maganar ta mutu. Dogara ya gyara zama, ya cire tabarau.

“Kafin jakin kakanka ya iso, kakana yana farauta a wurin.”

Malama Mildred ta ce, “Baba Dogara, farauta a cikin teku?”

“Lokacin ruwa bai zo ba.”

Duk muka yi dariya, har su biyun. Kada ka damu da wannan dariya. Ita ce ta ƙarshe, bar su su yi ta.

Mataki na biyar: Samo shaida

Gado yana son alama. Duba bayan kwalin da kyau, ba za ka rasa wani tabo ba. A bayan namu akwai ɗigon jan goro.

Alhaji ya ce, “Wa ke cin goro a teburin nan? Ni. Ga hatimina.”

Dogara ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa. Ya ce kafintan reluwe ne ya yi shi da katakon tsohon tarago, kuma duk abin da ke zaune a kan katakon reluwe, ɗan reluwe ya fi kusa da shi. Alhaji ya ce kwalin ya fi karkata ga ɓangaren da yake zama. Dogara ya ce Alhaji ne ya ja teburin da gwiwa.

Idan shaidarka ta yi rauni, ɗaga murya. Idan tasa ta yi ƙarfi, ce masa ba a nan take ba. Idan bakwai ta fito a tsakiyar haka, ɗauki ɗan fashin teku ka dasa shi a gaban jiragensa, domin doka ta hana gina jirgi kusa da shi, ka ce ka yi ne saboda tsaron lafiyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen hanya ya san wannan karatu.

Mataki na shida: Hana a buɗe

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka karanta shi sau biyu.

Komai daɗewa bakwai za ta sake fitowa, a kawar da ɗan fashin, abokin hamayyarka ya sami tunkiya. Dogara ya same ta a hannuna, a kan alkama biyu, domin ni ban iya cewa albarka ba. Wasa ya zo kansa. Ya ajiye katako da tunkiya, ya ɗauki farin jirginsa, ya miƙa hannu.

A daidai nan za ka ɗora tafin hannunka a kan kwalin, kamar yadda Alhaji ya yi.

“Ba a taɓa ƙasar da ake shari'a a kanta.”

“Wane shari'a? Ni ne da wasa.”

“Sai an gama maganar gado.”

“Alhaji, ɗauke hannu. Jirgi ya shigo tasha.”

“Ya jira sigina.”

Hikimar a fili take. Muddin kwalin yana kife, zinariya ce, kuma taka ce. Da zarar an buɗe, ya zama abin da yake kawai. Mutane da yawa a ƙasar nan sun rayu cikin wadata a kan abin da ba su bari an buɗe ba.

Aka kira la'asar. Muka je muka dawo, Dogara na nan riƙe da jirginsa. Malama Mildred ta ce ta yi shekaru tana raba faɗan yara a kan fensir, ba ta taɓa ganin masu taurin kai irin na yau ba. Ta kawo babban tire ta kife a kan teburin, ta ce kada kowa ya taɓa sai Asabar. Asabar ta zo aka ɗaga tire, aka ɗora daga inda aka tsaya, wato daga kakanni. Ta gaba ma haka. Lido bai sake faɗuwa ba.

Mataki na bakwai: Nemi fatawa, ka ɗauki rabinta

Nemo mai ilimi ka tambaye shi a gaban jama'a. Ni aka tambaya.

Na ce musu ƙasa ta Allah ce, da tudunta da tekunta. Kakan Alhaji da kakan Dogara duk baƙi ne a kanta, sun sauka, sun yi kwanakinsu, sun tashi, kowannensu bai tafi da abin da ya wuce tsawon jikinsa ba. Na ce wannan kuwa ko ƙasa ba ce, kwali ne da wani Bajamushe ya yanka da inji. Dokar wasa ta ce wanda jirginsa ya fara isa shi ke buɗewa, kuma Dogara ne da wasa.

Dogara ya ce, “Amin. Ƙasa na Ubangiji ne, haka yake a wurinmu ma.”

Alhaji ya ce, “Malam ya yi gaskiya. Ta Allah ce, yana ba wanda ya so. Ya ba kakana.”

Ka ga yadda ake yi. Riƙe farkon maganar malami, ka yi mata kabbara, ka bar masa ƙarshenta ya koma da ita gida.

Mataki na takwas: Fitar da maganar daga baranda

Ba sai ka yi ƙarya ba, kuma kada ka yi. Je ka rumfarka a kasuwa ka zauna da ɓacin fuska. In an tambaye ka, ce, “Wata 'yar magana ce ta fili tsakanina da maƙwabcina.” Yi shiru daga nan. Kasuwa za ta ƙarasa maka.

Kafin mako ya zagayo, na ji a bakin masallaci cewa an ƙwace wa Alhaji gonar gado. Wani ya ce eka goma ce, a hanyar Fadan Kagoma, ya san wurin, akwai ɗorawa a tsakiya. A ɗaya ɓangaren, Meshak mai gyaran babur ya tare Dogara a hanya ya ce, “Baba, mun ji komai. Kada ka ba su ko inci ɗaya, muna bayanka.” Dogara ya ce masa maganar wasa ce. Meshak ya ce, “Haka suke farawa.” Na yi ta bin mutane ina cewa kwali ne, kwali ne, suna kallona da tausayi, suna cewa Malam mutumin kirki ne, ba ya son tashin hankali.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin wasan. Wannan ba aibi ba ne. Magoyin bayan da ya ga abin da ake faɗa a kai ba ya daɗewa.

Mataki na tara: Jira, mai hankali zai sakar maka

Asabar ɗin da ta biyo, muka tarar da mutane a ƙofar gidan Malama Mildred. Ba su da yawa, ba su riƙe da komai, ba su ce komai ba. Waɗansu sun tsaya ta hagun ƙofa, waɗansu ta dama, da fili a tsakaninsu wanda akuya kaɗai ta ratsa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san irin wannan tsayuwa, ba ya bukatar a fassara masa.

Aka ɗaga tire. Alhaji ya mayar da tafinsa inda ya saba.

Kai dai kada ka dubi ƙofa. Bar shi shi ya duba.

Dogara ya dubi ƙofar, ya daɗe. Sannan ya tattara fararen jiragensa da ƙauyukansa ya zuba a akwati.

“Ɗauka, Alhaji. Na kakanka ne. Ni ban so a ƙona rumfar kowa saboda kwali.”

Ya fita ya ce wa mutanen magana ta ƙare, an ba mai shi, kowa ya tafi gida. Na dama suka tafi suna murna, na hagu suna ƙunƙuni. Shi kuma ya wuce gidansa bai waiwayo ba.

Malama Mildred ta zare kwalin a kife, ba ta leƙa ba, ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu kamar mai ba da kyautar ƙarshen shekara.

“Ga ƙasarka, Alhaji. Ka gaishe da kakanka.”

Ta kwashe sauran ta rufe akwatin, ta shiga da shi ciki. Muka ji ƙarar kwaɗo.

Barka. Na cika alkawari. Kai ne mai tsibiri.

Mataki na goma: Ci moriyar abinka

Sa shi a aljihun gaba, kusa da zuciya, fuskarsa na kallon ƙirjinka. Je kasuwa ka karɓi gaisuwa. In aka ce ka kai su su ga gonar, ce damina ta ɓata hanya.

Ranar Asabar ka yi wanka, ka sa hula, ka tuna babu inda za ka. Zauna a ƙofar gida. In maƙwabcinka ya fito, zai ɗaga maka hannu daga nesa, kai ma ka ɗaga masa. Kun iya, kun daɗe kuna yi.

Alhaji ya jure wannan na 'yan makonni. Wata safiya ya same ni a zaure, ya zauna, ya fito da kwalin ya ajiye a kan buzu, a kife.

“Malam, ina da tambaya. Ya halatta in leƙa?”

“Ba ka leƙa ba har yanzu?”

“Jirgi bai isa ba. Ai ha'inci ne.”

Na ce masa wasa ya watse, doka ta faɗi tare da shi. Kayansa ne, ya buɗe, babu laifi a kansa ko kaɗan. Ya sa yatsa a gefen kwalin, ya tsaya.

“In zinariya ce, Dogara ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa.”

“Haka ne.”

“In kuma ruwa ne, shi kaɗai ya san irin dariyar da ta dace da ni. Kai Malam sai dai ka ce mini Allah ya ba da haƙuri.”

“Shi na iya.”

Ya mayar da shi aljihu. Sai ya ce, “Ranar Lahadi, yaushe suke tashi daga sujada?”

Na ce masa ya danganta da mai wa'azi, kamar dai a wurinmu.

Muka je. Muka tsaya a tsallaken titi, gindin wata bishiya da ba ta da inuwar kirki, dattawa biyu da manyan riguna, duk mai wucewa na kallonmu. Mai wa'azin ranar kuwa, Allah ya hore masa numfashi. Da aka tashi, Dogara ya fito da littafinsa a hammata, ya hango mu, ya ɗaga hannu zai wuce. Alhaji ya tsallaka titin. Ya fito da kwalin a kife a kan tafinsa, ya miƙa, a gaban mutanen majami'a duka, har da Meshak.

Dogara bai karɓa ba. Ya dubi kwalin, ya dubi Alhaji.

“Ni ne da wasa fa.”

Na dubi Alhaji. Mutumin nan ya taɓa riƙe citta shekara biyu a sito don kada ya sallama a farashin da bai so ba.

“Kai ne da wasa.”

“Ba a buɗe ƙasa a bakin titi. Kai wa Maman Leonard. Ni ba zan roƙe ta ba, kai ka ɓata, kai za ka roƙa.”

Meshak ya matso yana leƙe, ya ce, “Baba, wannan ne filin?”

Dogara ya ce, “Shi ne. Eka goma. Je ka gyara babur.”

Barrantar da kai

Ni mai wannan rubutu na barranta, a gaban Allah da gaban mutane, daga duk abin da zai sami wanda ya bi waɗannan matakai, a kan kwali ko a kan abin da ya fi kwali. Na yi alkawarin za ka mallaki tsibiri, ban ce zai zaunu a aljihunka ba. Idan ka rasa maƙwabci, kada ka ambaci sunana. Idan naka maƙwabcin ba shi da hankalin Dogara, ya dubi ƙofa bai ga abin da Dogara ya gani ba, to abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin alƙalamina, kuma kai za a tambaya. Idan ka tashi zuwa biko, nemi ɗan rakiyarka. Ni na yi sau ɗaya, rana ta dake ni, gwiwata ba ta yafe mini ba har yau.

Masu tare ni a hanya suna tambayar abin da aka tarar da aka buɗe, ku huta. Malama Mildred ta sa Alhaji ya yi ta zarya kafin ta fito da akwatin, Dogara ya ajiye jirginsa, an buɗe, mu huɗu mun gani. Mun yi alkawari ba za mu faɗa wa kowa ba, domin a garin nan, ko mene ne, da an ji wani zai tuna da kakansa.

Allah ne mafi sani, kuma gare shi ƙasa za ta koma, da tudunta da tekunta.